Ciniki a Ƙarƙashin Mayafi

Kawu Warfa ne ya aike ni, bayan la'asar. Bayansa ya riƙe tun safe, yana kwance a gindin bango, ga jerin gurarsa na kamun kifi ya kwana a cikin ruwa.

"Diriye, je ka ɗago min su kafin kifin ya cinye juna," ya ce. "Ko a Turai an hana ku taɓa filafili ne?"

"Ban kai Turai ba, Kawu."

"Na sani. Har awakin garin nan sun sani."

Ya yi dariya, dariyar ta soke shi a baya, ya koma nishi. Yayata Ambaro tana durƙushe tana manna gurasar mufo a cikin tanderu. Ba ta ko ɗago kai ba.

"Ƙyale shi, Kawu. Mutumin da ke ɗaure kayan komawa, ina ruwansa da kifinka?"

Ban gaya wa kowa shirina ba, amma gidanmu ƙarami ne, waya kuma ba ta iya raɗa. Abokina Liban ya kira ni daga tashar jiragen ruwa ta Bosaso, ya ce akwai jirgin da zai ƙetara Yaman idan iska ta kwanta. Na ce masa ya ajiye min wuri.

Shekaru na yi ba na gida. Sudan, sahara, Libiya. Na dawo da leda ɗaya da tari. Na tarar da kabarin mahaifiyarmu har ya lotsa, Ambaro ta yi furfura a gefen kunne, ita ke riƙe da gidan, da awaki, da Kawu. Duk wanda na gamu da shi a hanya sai ya dubi hannuna kafin ya dubi fuskata. Zama ya gagare ni. Barci ma haka. Na gaji da tafiya, na gaji da zama, ban san wanne ya fi ba.

Na ja kwalekwalen Kawu na shiga ruwa.

Babu gurar da ta kama komai. Na ɗago ta farko, wayam. Na ɗago sauran, ciyawar teku ce kawai da wata kaguwa da ta dube ni ta fice abinta. Ina cikin mayar da su iska ta juyo. Na tuƙa, ta tura ni. Na sake tuƙawa har kafaɗuna suka ɗauki wuta, ƙirjina ya fara kukan nan nasa. Da na ɗago kai, tudun yashin garinmu ya yi nisa. Abin da ke gabana Mandaro ce.

A cikin kufan Mandaro muka girma. Nan mata ke kai awaki kiwo, nan ake ɗebo dutsen gini. Muna yara, idan an yi ruwan sama, mukan tona yashi mu tsinci fasassun tangaran masu shuɗin zane. Ba wanda ke tsoron wurin. Doka ɗaya ce kawai: ta tudu ake shiga, ba a shiga ta ƙofar ruwa. Masuncin da iska ta jefo nan yakan ɗaure kwalekwalensa, ya bi gindin ganuwa cikin ruwa har ƙugu, ya zagaya can ƙarshen gari.

Na ɗaure nawa a jikin wani dutse. Na dubi zagayen. Na dubi ƙofar, wani baka na dutse wanda rabinsa ya zube, babu ƙyaure, babu komai. Ta cikinta har ina hango hanyar awaki da ke miƙewa gida.

Iyakar ƙasa nawa na tsallaka a cikin duhun mota, sai ƙofar da ba ta da ƙyaure?

Na shiga.

Ƙarar teku ce ta fara ɗaukewa. Ɗif, kamar an toshe min kunne. Na waiwaya. Igiyar ruwa tana nan tana dukan dutse, tana kumfa, amma babu sauti.

Sai ƙamshi. Turaren lubban, da shinkafa mai man shanu.

Na ci gaba. Lungun ya matse fiye da yadda na san shi. Katangun da muke tsallakewa muna yara yanzu sun haura kaina, an shafe su da farar ƙasa. Rana ta yi ja, haskenta yana kwance a can samansu. Ƙasa inda nake akwai sanyi.

Wani dattijo yana tsaye a tsakiyar hanya. Farin zane a ƙugunsa, mayafi a kafaɗa, gemunsa ja da lalle. Yana riƙe da akushi da hannu biyu, an rufe da faifai.

"Sannu da sauka," ya ce. Muryarsa ƙasa-ƙasa. "Sannu da ruwa. Ka sha hanya."

Na ɗauka cikin masu ziyarar kabarin waliyyin da ke cikin kufan ne, waɗanda ke zuwa su yi yanka su raba abinci. Na gaishe shi. Ya miƙo akushin.

A wurinmu ba a mayar da abinci a rufe. Ga yunwa. Kuma tun da na dawo, shi ne mutum na farko da ya dubi fuskata bai dubi hannuna ba.

Na ɗaga faifan. Tururi ya bugi idona. Na yi bisimilla, na kai loma.

"Ya ci," wani ya raɗa daga saman soro.

"Ya ci," wata murya ta amsa daga wata taga.

Dattijon ya ɗaga kai ya dubi sama. "Ku shaida. Baƙona ne."

A nan maganar kakarmu ta faɗo min. Ta ce zamanin da Mandaro ke Mandaro, duk jirgin da ya tsaya, fatomomi, masu saukar da baƙi su yi musu dillanci, su ne ke tarbarsa da akushi. Ɗan kasuwar da ya ci naka ya zama naka. A gidanka zai sauka. Ba ya saye, ba ya sayarwa, sai ta hannunka.

Na ajiye akushin.

"Baba, ni ɗan garin nan ne," na ce. "Gidanmu na bayan tudu."

"Ta ruwa ka shigo."

"Iska ce ta..."

"Kowa iska ce ke kawo shi. Zo mu je."

Ya juya. Ƙafafuna suka bi shi. Ban aike su ba.

Muka wuce masallacin da na sani babu rufi. Yau da rufinsa, da takalma jere a ƙofa. Muka fito wani fili. Na san filin, nan Ambaro ke ɗaure akuyar da ta kusa haihuwa. Yanzu rumfuna ne. Buhunan lubban, hauren giwa a jingine, tufafi a ninke, tuluna. Mutane cike, suna kai da kawowa. Ba na jin takunsu. Sai raɗa kawai, kamar yashi na zuba daga buhu.

Ya nuna min wani dutse. Na zauna.

"To, baƙona. Ina kayan?"

"Ba ni da kaya."

"Tufafin Hindu? Tangaran? Dabino? Ko duwatsun wuya ne, ka ɓoye a ɗamara? Kada ka ji kunya, ƙaramin kaya ma kaya ne."

"Babu."

"Ka daɗe a tafiya?"

"Na daɗe."

"Kuma babu."

"Babu, Baba."

Bai yi fushi ba. Ya shafa gemu, ya dube ni daga kai har ƙafa, a hankali, ya sake dawowa.

"Abin da ke shigowa ta ƙofar ruwa iri biyu ne," ya ce. "Mai kaya, da kaya."

Raɗar kasuwar ta tsaya.

Suka fara matsowa.

Tufafinsu a jiƙe suke. Ruwa na ɗiga daga gefen zannuwansu, amma yashin bai jiƙe ba. Fuskokinsu ba sa tsayawa wuri ɗaya, kamar fuskar mutumin da kake kallo a ƙarƙashin ruwa. Warin gishiri da tsohuwar igiya.

Na fara Ayatul Kursiyyu. Na kakare a tsakiya.

Dattijon ya ƙarasa min. Ya fi ni iya karatun.

"Mu ma masu salla ne, baƙona," ya raɗa. "Ciniki ai halal ne."

Wani dogo ya sunkuyo. Ya matsa damtsena. Ya ɗaga min fatar ido. Ya sa yatsa ya buɗe bakina ya duba haƙora. Yatsan sanyi ƙalau, da ɗanɗanon gishiri.

Na san wannan dubawar. An taɓa yi min ita a wani ɗakin ajiya a Libiya, da tocila. Na san inda hannun zai je bayan haƙora. Tun kafin ya nema na juya masa bayana.

Ban yi kokawa ba. Wani abu a cikina ma cewa ya yi, to, shi ke nan. Aƙalla an daina tambayarka.

"Yana tari," in ji dogon.

"Tarin hanya ne. Dubi ƙafafun. Wannan ba ya zama."

Dattijon ya sauke mayafinsa. Ya miƙa hannun dama, dogon ya kama, ya yafa mayafin a kan hannuwansu.

Duk wanda ya taɓa zuwa kasuwar raƙuma ya san wannan. Ba a faɗin farashi da baki. Yatsu ke magana a ƙarƙashin mayafi, wannan ya kama, wancan ya murɗa, na gefe ba ya sanin komai. Idan aka yaye mayafin, ciniki ya faɗa.

Ina kallo. Mayafin yana motsi.

Dogon ya girgiza kai. Mayafin ya sake motsi.

Hasken da ke saman katanga ya rage kamar faɗin tafin hannu.

Dattijon ya fara murmushi. Ya kai hannun hagu ya kama gefen mayafin.

Sai akuya ta yi kuka.

Kuka na gaske, mai ƙarfi, mai ban haushi. Bayanta kuma muryar da na fi sani a duniya.

"Diriye! Kai, Diriye, shashasha! Kwalekwalen mutane ne za ka ɗaure a..."

Ta katse.

Ambaro ce, a bakin filin, ta ɓangaren tudu, da sandar kiwo a hannu. Daga kan tudun ta hango kwalekwalen, ta zo tattara awaki. Ta tsaya cak. Ban san abin da idonta ya gani ba. Na dai ga ta sunkuyar da kai, ta gyara lulluɓinta, ta ajiye sandar a ƙasa.

"Salamu alaikum, mutanen gari," ta ce a hankali.

"Wa alaikumus salam," filin duka ya raɗa.

Ta tako. Ba ta dubi kowa ba, ƙasa take kallo. Da ta iso kusa na ji warin hayaƙi da nonon akuya a jikinta. Shi ne abu na farko mai ɗumi da na ji tun da na shigo.

"Wa ke sayar da wannan?"

"Fatomansa," in ji dattijon. "Koma, 'yata. Mace ba ta shiga cinikin maza."

"Mai kaya fa? Ita ma ba ta shiga?"

"Kayan nan ba shi da mai shi. Shi kaɗai ya shigo."

Ambaro ta damƙi wuyan rigata. Ta ja da ƙarfi, rigar ta yage har cibiya.

"Ku duba."

A cikina akwai tabon lalas, ƙanana, zagaye da cibiya. Ina jariri cikina ya kumbura, aka ce ba zan kwana ba. Mahaifiyarmu ta sa tsinke a wuta ta yi min da hannunta.

"Ni na riƙe masa ƙafafu ranar," in ji Ambaro. "Wannan shaidar gidanmu ce. Ku 'yan kasuwa ne, ku gaya min. Raƙumi mai lalas, ana sayar da shi a bayan mai shi?"

Raɗa ta tashi ta zagaya filin.

Dogon ya sunkuyo ya duba. Ya sa yatsa a kan tabon, ɗaya bayan ɗaya. Ya miƙe. Ya zare hannunsa daga ƙarƙashin mayafin, ya ja da baya, ya shige cikin sauran.

Dattijon bai motsa ba. Hannunsa na nan a miƙe, mayafin na rataye a kai.

"Naki ne," ya ce. "Na yarda. Amma ya ci abincina a gaban shaidu."

Ambaro ta juyo. Sai yanzu ta dube ni.

"Ka ci?"

"Loma ɗaya, Yaya."

"Allah ya shirye ka," ta raɗa. "Ciki kamar na kura."

"Fatoma ba ya tashi a banza," in ji dattijon. Ya matso mata da hannun.

Ta dube shi. Ta goge tafinta a zane, kamar yadda take yi idan za ta gaisa da baƙo. Ta cusa hannun dama a ƙarƙashin mayafin.

"Yaya, kada ki..."

"Rufe min baki."

Mayafin ya motsa.

Ta girgiza kai.

Mayafin ya ƙara motsawa.

Ta cije leɓe. Gumi ya tsattsafo mata a goshi, cikin wannan sanyin.

Hasken ya zama zare ɗaya a kan katanga.

Ta rufe ido. Ta gyaɗa kai.

Dattijon ya yaye mayafin.

"Tashi," ta ce. "Kada ka waiwaya."

Ta kama ni da hannun hagu. Na dama yana lilo a gefenta.

Daga can gaba na ji wata ƙara. Kiii. Katako mai nauyi yana juyawa a kan dutse.

"Magariba ta yi, suna rufe gari," in ji Ambaro. "Gudu!"

Muka ruga. Yashi na riƙe min ƙafa. Tari ya turnuƙe ni, na durƙusa, ta fizge ni. Awaki suka wuce mu a guje. A ƙofar tudu, inda tun tasowata babu komai sai giɓi, ga ƙyaure biyu baƙaƙe suna haɗuwa.

Ta tura ni gaba. Katako ya goge min kafaɗa. Na jawo ta. Gefen lulluɓinta ya maƙale, ta bar shi.

Gab!

Ƙarar teku ta dawo min gaba ɗaya, har sai da na toshe kunne. Can bayan tudu ladan yana kiran salla. Na waiwaya duk da ta hana. Giɓi ne kawai, da duwatsu a zube, da kashin awaki. Lulluɓin Ambaro yana tsaye a iska, a miƙe, babu abin da ke riƙe da shi. Sai ya faɗi.

Ba mu koma mun ɗauka ba.

Washegari maƙwabta suka zagaya ta gindin ganuwa suka kwanto kwalekwalen. Kawu Warfa ya saurari labarin yana kwance, bai yi dariya ba. Da na gama ya ce, "Garin nan kaf, har mahaukata, ba wanda ya taɓa shiga ta nan. Sai da muka jira mai ilimin ƙasashen waje."

Hannun Ambaro bai warke ba. Ba ciwo, ba kumburi. Yatsun ne suka lanƙwashe suka ƙi buɗewa, kuma ko a tsakar rana sanyi gare su. An yi tofi, an shafa man riɗi, an kai ta asibiti a birnin Hamar. Ni nake tatsar awaki yanzu. Ni nake manna mufo, tana tsaye a kaina tana cewa na ƙone shi.

Da iska ta kwanta, Liban ya sake kira. Na fita bayan gida na amsa. Ya ce jirgi ya shirya, in taho. Na ce zan kira shi.

Da na dawo tana zaune a kan turmi, tana tsince wake da hannu ɗaya. Na zauna kusa da ita.

"Yaya, me kika ba shi?"

"Abin da aka yi a ƙarƙashin mayafi ba a faɗa."

"Ni aka yi ciniki a kaina."

Ta daɗe tana tsintar waken.

"Bai sayar min da kai ba," ta ce. "Ya ce baƙonsa kake har yanzu. Aro ya ba ni, muddin kana tudu. Ni kuma na ba da jingina."

"Hannun?"

"Hannun somin taɓi ne. Ranar da ka sake hawa jirgi ka bar gaɓar nan, zai aiko a ɗauki sauran jikina."

Na dube ta. Fuskarta ba ta nuna komai ba. Ambaro ta iya ƙarya idan ta ga dama. Ita ce ta yi shekaru tana gaya wa mahaifiyarmu cewa na kira, ina lafiya, ina gaishe ta, alhali ba ta san ko ina raye ba.

"Da gaske kike, ko don in zauna ne?"

"Ni ban ce ka zauna ba, ƙanena. Na gaji da cewa mutane su zauna." Ta tura min faifan waken. "Ungo, ƙarasa. Akwai tsakuwa."

Ban kira Liban ba. Jirginsu ya tashi, wani ya tashi bayansa. Ƙafafuna har yanzu suna min ƙaiƙayi, musamman da la'asar, idan ruwa ya kwanta lumui. Nakan tsaya a kan tudu in yi ta lissafin maganarta, in juya ta nan, in juya ta can. Wata rana in ce ƙarya ce. Wata rana in tuna sanyin yatsun.

Hanyar sanin gaskiya ɗaya ce tak. Ita kuwa ba zan bi ta ba.